CIWON KOGON HANCI: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

A cikin ƙasusuwan fuska akwai koguna 8 masu ɗauke da iska, 4 a kowane ɓangare: a goshi, da kunci, da tsakanin idanu, da can bayan hanci. Kowanne yana da 'yar kafa wadda majina ke bi ta sauka hanci. Idan mura ko ƙurar hunturu ta kumbura fatar ciki, sai kafar ta toshe, majina ta taru, ciwo ya tashi.

Alamominsa

Toshewar hanci, majina mai kauri, raguwar jin ƙanshi, da nauyin fuska wanda kan tsananta idan an sunkuya.

Magani

Galibi ƙwayar cutar mura ce sanadi, kuma kafso na kashe ƙwayoyin cuta ba ya tasiri a kanta. Kada a saye shi sai da iznin likita. A sha ruwa sosai, a sha farasitamol, a wanke hanci da ruwan gishiri wanda aka tafasa ya huce. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci kada ya wuce kwana 3, domin toshewar kan dawo fiye da dā.

Yaushe Za a Je Asibiti?

1. Idan ciwon ya wuce kwana 10, ko ya lafa ya sake tsananta.
2. Idan ido ya kumbura, ko gani ya rikice, ko wuya ya sanƙare, a tafi nan take, domin cutar tana iya kaiwa ga ido ko ƙwaƙwalwa.

A Bauchi, a nemi likitocin kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.