Kafin Mutumin Icirnawa Ya Sayi Mega

A Icirnawa, kamar sauran garuruwan Matameye, wayar hannu ce hanyar shiga intanet, kuma kamfanoni huɗu ke rabon kasuwar Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange a 2019, da Niger Telecom na gwamnati, da aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom.

A takarda huɗu ne. A ƙauye kuwa sau da yawa rezo ɗaya ne ke kamawa sosai, mai shi kuma ba ya jin tsoron kowa. Don haka mai saye ya fara gwada layi a gidansa da gonarsa tukuna. Ya riƙa duba ranar ƙarewar forfe, domin na kwana ɗaya mai araha yakan mutu da sauran mega a ciki. Ya kashe saukar bidiyo kai tsaye a WhatsApp.

Masu riƙe layin Najeriya saboda kusancin Daura su sake lissafi: a 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data.

Wanda aka cinye wa kuɗi ba dalili ya ajiye saƙonnin kamfani, ya kai ƙara ARCEP, hukumar da ke kula da sadarwa a Nijar.