Kwalbar Maganin Idon Tsoho Tana Hannunku

'Ya'yana da jikokina na Gurbin Bore, da ku na Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, ku ba ni aron kunnuwanku. Idan yana ta rufe wa tsoho ido, ku ne kuke ja masa gora zuwa asibiti, ko Gusau, ko Katsina ta hanyar Jibiya, wani har Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA a Kano. Allah ya yi muku albarka. To ranar sallama, idan aka kawo 'yan kwalaben maganin ɗigawa, ku ake miƙa wa, domin mai idon ba ya iya karanta abin da ke jikinsu. A kansu nake son mu yi magana.

Aikin yana ba ya cin lokaci. Likita ya cire abin da ya dushe a cikin ido, ya sa ɗan gilashin roba a gurbinsa. Sai dai ya bar ɗan yanka, kuma ƙwayoyin cutar da ake tsoro yawanci a gefen fatar idon mutum suke zaune. Shi ya sa ake wanke idon da ruwan aidin kafin a taɓa shi. Wani likita yakan ba da maganin ɗigawa tun kafin ranar aiki, wani ba ya bayarwa. Ku bi na likitanku. Kada ku shiga kemis ku ce a ba ku irin wanda aka ba maƙwabci. Idan kuma idon yana ja ko yana kwantsa ana jibi aiki, ko tsoho yana da ciwon suga, ku faɗa. Gara a ɗaga ranar.

Kwalaben iri biyu ne. Akwai mai kashe ƙwayoyin cuta, za ku ga an rubuta chloramphenicol ko ciprofloxacin ko makamancinsu. Akwai mai kwantar da kumburi, irin su dexamethasone. Wani lokaci a haɗe suke a kwalba ɗaya. Na kumburin nan ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa cikin makonni, kamar yadda ake yaye yaro. Ba a kuma zarcewa da shi bayan wa'adi don an ji daɗinsa, domin yana iya jawo hawan jinin ido, wanda ke cin gani ba tare da mutum ya ankara ba.

Yadda ake ɗigawa kuwa, a nan ake yawan sakaci. Wanke hannu da sabulu tukuna. Baba ya ɗaga kai ya dubi sama, ka ja fatar ƙasan idon a hankali, ka saki ɗigo ɗaya. Ɗaya ya isa, ido ba ya riƙe fiye da haka, sauran a kumatu zai ƙare, ga tsada. Bakin kwalba kada ya taɓa ido ko gashin ido ko yatsa. Idan kwalabe biyu ne, a bar minti 5 tsakani, in ba haka ba na biyu ya wanke na farko. An ce sau huɗu a rana? Ku ɗaura shi da huɗu daga cikin lokutan salla, ba za ku manta ba. Kwalbar da aka buɗe ta kwana 28 a yar da ita, kada a adana wa Inna don lokacin ciwon ido na Afolo.

Na san halin iyayenmu. Kwana uku tsohuwa ta ga fuskar jikokinta, sai ta ce ta warke, ta nemi tandun kwalli, ta koma bakin murhu, ko ta fita wajen shiƙa cikin ƙaiƙayi da ƙurar hunturu. Ku lallashe ta, ban da tsawa. Kwalli da hayaƙi da murza ido su dakata sai likita ya yarda. Batun ruwan alwala da sujada, ku tambayi likita, sannan ku kai wa malam abin da ya ce, addini ya yi wa mara lafiya sauƙi. Masu zuwa dubiya kuma kowa da nasa magani, wannan ruwan nono, wancan ruwan albasa ko na suga. Ku yi musu godiya, amma kada ko ɗaya ya shiga idon. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa yana ce babbar mai makantar da mutanenmu, kuma idanu da yawa masu aikin gargajiya ne suka tura yanar ciki da tsinke, akasarinsu ba su ga da kyau ba. Wanda Allah ya kai shi hannun likita, bai kamata a ɓata masa aikin a tsakar gida ba.

Haka wadda aka yi wa aikin gira, gashin ido da ke juyawa yana sukar ƙwayar ido. Man tetracycline da aka ba ta a shafa shi har kwanakin su cika.

Abu na ƙarshe shi ya fi nauyi. Idan zafi ya ƙaru maimakon ya ragu, ko gani ya dushe bayan ya washe, ko ido ya yi jajir ya kumbura yana fitar da mugunya, musamman a makon farko, ƙwayar cuta na iya kasancewa ta shiga ciki. Ƙara ɗigo ba ya kaiwa can, kuma kwana ɗaya na iya cinye idon. A koma asibiti ranar. Dukanmu mun san yadda hanyoyinmu suke a shekarun nan, ba kullum ake bin su yadda ake so ba. Saboda haka kafin ku baro gari ku sayi maganin da zai kai ku ƙarshen wa'adi, ku karɓi lambar wayar ma'aikacin ido, in da hali ma ku yi 'yan kwanakin farko a gidan dangi kusa da asibiti. Ranar da aka rubuta muku ta komawa, ku kai tsoho ko da ya rantse yana ganin allura a ƙasa.