Cutar da Ke Ɓuya a Gaban Bakanike: Yadda Ake Gano Dalilin Mutuwar Injin Tsohuwar Mota

Gabatarwa

Wanda ya taɓa shiga tsohuwar motar kasuwa a ƙasar Batsari ko Safana ya san wannan hali. Mota tana cikin tafiya da fasinjoji da buhunan rogo, sai injin ya yi tari ya mutu. Direba ya yi ta murza makulli a banza, amma bayan minti 20 sai ta tashi garau. Kashegari a kai ta gareji, ta wuni tana aiki lafiya lau. A yankin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, inda hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a 2019, tsayuwar mota a daji da almuru, ko tana ɗauke da mai naƙuda, ba ƙaramin al'amari ba ne.

Misalin da za a yi amfani da shi a nan shi ne Peugeot 504, wato Fijo, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Injinta ba shi da kwamfutar da za ta faɗi inda ciwo yake, saboda haka sai an yi aiki da lura da hankali.

Darasi Daga Zazzaɓi

Ɗaliban kimiyyar halittu sun san wata cuta mai irin wannan hali, wato zazzaɓin cizon sauro, wanda kan kwantar da mutum yau, ya sake shi gobe, ya dawo jibi. A shekarun 1885 da 1886, wani masani ɗan Italiya mai suna Camillo Golgi ya nuna cewa zazzaɓin yana tashi ne daidai lokacin da ƙwayoyin cutar ke fasa jajayen ƙwayoyin jini suna fitowa. Ke nan lokacin da ciwo ke zuwa yana da alaƙa da sababinsa. Haka abin yake ga mota. Tambayar farko ita ce: a wane hali take mutuwa?

Abubuwan da Inji Ke Buƙata

Injin fetur yana buƙatar mai da iska da tartsatsin wuta. Famfon mai yana zuƙo fetur daga tanki zuwa kafireta, inda ake gauraya kashi 1 na mai da kimanin kashi 15 na iska bisa nauyi. Kwayil kuma yana ɗaga ƙarfin batir daga bolt 12 zuwa dubbai masu yawa, distributa ta rarraba wa fulogi huɗu. Idan ɗaya ya yanke, inji ya tsaya. Injin da mai ya yanke wa yakan yi shessheƙa, ƙarfinsa ya ragu, sannan ya mutu. Wanda wuta ta yanke wa yawanci yakan ɗauke nan take, tamkar an kashe makulli.

Alamu da Ma'anarsu

Na farko, zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a wannan yanki yakan kai digiri 40, ƙarƙashin bonet kuwa ya fi haka nesa. Fetur gaurayen sinadarai ne, wasunsu suna tafasa tun ƙasa da wannan zafi. Idan bututun mai ya yi zafi ainun, sai fetur ya zama tururi, famfo kuwa an yi shi ne don tura ruwa. Sai dai kwayil ko kwandansa da suka tsufa su ma sukan gaza da zafi, su farfaɗo in sun huce. Don rarrabewa, sai a jiƙa tsumma a ɗora kan famfon mai da bututunsa kaɗai. In mota ta tashi da wuri, zargi ya koma kan tururin mai. In ba ta tashi ba, a zare babbar wayar da ta fito daga kwayil, a riƙe ta da filaya mai hannun roba kusa da ƙarfen inji, nesa da kafireta, wani ya murza makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara alamar lafiya ne. Rashinsa ko rauninsa ya nuna ɓangaren wuta.

Na biyu, gargada. Motar da ke mutuwa sa'ad da ta faɗa rami tana da sako-sakon waya, ko kan batir da ya ci tsatsa. Ana gane wannan ta barin inji yana aiki a tsaye, a riƙa girgiza ƙananan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, tare da nisantar da hannu daga fanka.

Na uku, nisan tafiya. Idan mota ta kan mutu bayan ta ci wasu kilomitoci, da zafi ko da sanyi, sai a buɗe murfin tanki a saurara. Jin ƙarar iska tana kutsawa ciki ya nuna cewa kafar shaƙar iskar tankin ta toshe. Malami na iya nuna wannan a aji da gwangwanin madara: mai huda ɗaya da ƙyar yake zuba, mai huda biyu kuwa sai ya kwarara.

Na huɗu, yanayin shekara. Da damina, laima kan shiga tsagaggen murfin distributa ta karkatar da wuta. Ruwa kuma kan shiga fetur da aka ajiye a galan. Tun da lita ɗaya ta fetur ba ta wuce kimanin giram 750 ba, ta ruwa kuwa giram 1,000 ce, ruwan yakan kwanta a gindin tanki, inda famfo ke zuƙa. Zuba man a farar kwalba zai nuna shi a ƙasa. Da hunturu kuwa, ƙura kan toshe matatar iska da 'yar kafar mai da inji ke dogaro da ita in an ɗaga ƙafa daga totur, sai mota ta riƙa mutuwa a duk tsayuwa.

Kammalawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne sauya fulogi da kwantak da famfo a rana guda. In mota ta warke, ba a san maganin ba. In ba ta warke ba, kuɗi sun tafi. Ƙa'idar gwajin kimiyya ita ce a sauya abu ɗaya, a bar sauran yadda suke, a ga sakamako. Ya kamata direba ya ajiye ɗan littafi, ya rubuta lokaci da yanayin hanya da yawan mai a tanki da tsawon jiran da aka yi kafin mota ta tashi. Bayanin mutuwa uku ko huɗu yakan isa bakanike ya san inda zai sa hannu.

Aiki ga ɗalibai: wata mota tana mutuwa da azahar kawai, ɗora jiƙaƙƙen tsumma kan famfon mai bai taimaka ba, kuma ba a jin ƙarar iska a bakin tanki. Wane gwaji ya kamata a yi, kuma don me?