Mota da Namun Daji

Tun kafin a ƙera mota, namun daji suna da hanyoyinsu a cikin jeji. Akwai hanyar zuwa ruwa, akwai ta zuwa kiwo, akwai kuma ta komawa makwanci. Uwa takan bi da 'ya'yanta, su kuma in sun girma su bi da nasu. Da mutane suka zo suka shimfiɗa kwalta, sai titi ya ratsa waɗannan hanyoyi, ya raba su biyu. Ita kuwa dabba ba ta san abin da ake kira titi ba. Ruwa yana wancan hayi, ita tana wannan, saboda haka tilas ta ƙetare kamar yadda ta saba. A nan ne takan gamu da mota.

Yawancin namun daji ba su cika yawo da tsakar rana ba. Sukan fito da almuru, ko cikin dare, ko da jijjifi, watau daidai lokacin da direba ba ya gani sosai. Idanun irin waɗannan dabbobi sun saba da duhu. In hasken fitilar mota ya bugi barewa farat ɗaya, sai ya kashe mata ido, ta tsaya cik a tsakiyar titi, ta rasa inda za ta nufa. Wata kuma takan ruɗe, ta zabura gaba, ta sake juyowa baya. Barewa ta san yadda za ta tsere wa kura, amma ba ta da dabarar tsere wa abin da ya taho mata a guje da wuta biyu a goshi.

To, me ya sa direba ba zai tsaya ba, tun da ya gan ta? Amsar tana cikin lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 cikin sakan ɗaya. Direba kuwa, daga lokacin da ya hangi dabba zuwa lokacin da ƙafarsa za ta kai kan birki, yakan ɗauki sakan ɗaya ko fiye. Kafin ya taɓa birki ke nan, mita 28 sun tafi. Bayan ya taka, ko da kwaltar a bushe take, motar za ta ƙara wajen mita 56 kafin ta tsaya. In an haɗa, mita 84 ke nan, fiye da kashi uku cikin huɗu na tsawon filin ƙwallo. Ga shi kuwa ƙaramar fitilar mota ba ta cika haska fiye da mita 50 ko 60 ba. Ashe mai irin wannan gudu da dare, in ya hangi dabba a cikin haskensa, ya riga ya makara.

Amma in gudun kilomita 50 yake yi, mita 14 zai ci kafin ya taka birki, ya ƙara wajen 14 bayan ya taka. Duka mita 28 ne, zai tsaya tun dabbar tana can gaba. Abin lura a nan shi ne, in an ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Haka kuma ƙarfin karon, shi ma sau huɗu yake ƙaruwa.

Bayan gudu, sai girman dabbar da ƙirar jikinta. Mutanen ƙasar Suwidin, can arewacin Turai, sun san wannan ƙwarai, domin a dazuzzukansu akwai wata dabba da ake kira mus. Dangin barewa ce, amma ta fi doki tsawo. Babban namiji yakan kusa mita 2 daga ƙasa zuwa kafaɗa, nauyinsa kuma yakan kai kilo 500, watau kamar buhu goma na siminti. Ƙafafunsa dogaye ne sirara, gashinsa kuwa mai duhu ne, yana sajewa da dare. In mota ta buge shi a guje, ƙafafun kawai take sharewa. Gangar jikin nan mai nauyi sai ta taso ta faɗo kan gilashin gaba da rufin mota, daidai inda direba da na kusa da shi suke zaune. Kowace shekara akan yi irin wannan karo dubbai a ƙasar, wasu kuma da asarar rai.

Saboda haka 'yan jaridar da ke gwada sababbin motoci a Suwidin suna da wani gwaji wanda duniya ta sani da sunan gwajin mus. Akan jera alamu a fili, direba ya taho a guje, ya kauce kwatsam kamar dabba ce ta faɗo gabansa, sa'an nan ya komo hannunsa. A shekarar 1997 wata sabuwar ƙaramar mota ƙirar Mercedes ta kife a wannan gwaji. Sai da kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya gyara ta, sa'an nan ta koma kasuwa. Wannan ya nuna wa kowa cewa kauce wa dabba cikin tsananin gudu shi ma yana da nasa haɗari.

Dokar ƙasar kuma ta ce duk wanda ya bugi mus ko wata babbar dabbar daji, lalle ya gaya wa 'yan sanda, ya kuma sa alama a wurin. Daga nan akan aiko maharbi da karensa su bi sawu, don kada dabbar ta shiga daji da rauni ta yi ta shan azaba.

A Amurka kuwa, barewar can ce ta fi faɗawa gaban mota. Akan yi karo da ita fiye da sau miliyan ɗaya a shekara, mutane wajen 200 kuma sukan mutu. Abin ya fi yawa a watan Nuwamba, lokacin barbararsu, sa'ad da maza ke bin mata ba su duban gabansu.

Hasarar ba ta mutane kaɗai ba ce. A ƙasar Nijar, wajen garin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa na Afirka ta Yamma, irin da a da suke warwatse a ƙasashe da yawa, suka ƙare sai a nan. A shekarar 1996 wajen 50 kaɗai suka rage. Da aka hana farautarsu, mutanen ƙauyuka suka taimaka wajen tsaronsu, sai suka yi ta ƙaruwa, har suka wuce 600 kafin shekarar 2020. Amma babban titin da ya tashi daga Yamai zuwa Doso ya bi ta tsakiyar makiyayarsu, motoci kuma sun kashe waɗansu a kansa. Raƙumar dawa takan yi wajen wata 15 da ciki, ta haifi ɗa guda. Abin da aka yi shekaru ana reno, mota takan gama da shi cikin ƙiftawar ido.

Masu hikima sun ce rigakafi ya fi magani. A ƙasar Kanada akwai wani gandun daji mai suna Banff, wanda babban titin ƙasar ya ratsa. Da karo ya yi yawa, sai aka kafa dogon shingen waya a hagu da dama. Amma shinge kaɗai zai raba dabbobi da ruwa da kiwo, don haka aka yi musu mashigi 38 ta ƙarƙashin titi, aka kuma gina gada 6 ta sama. Gadojin nan ba na mota ba ne. An zuba musu ƙasa, an shuka ciyawa da itatuwa, har dabba ta ga kamar cikin daji take tafiya. Da fari waɗansu sun yi ɗari-ɗari, sai da suka yi shekaru kafin su saba. Karo da namun daji a wurin ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

Irin wannan gini yana cin kuɗi da yawa, ba kowane titi zai samu ba. Amma rage gudu ba ya cin ko kwabo. Direban kirki in ya shiga daji da almuru yakan sassauta totur, ya riƙa duban gefen hanya ko zai ga ƙyallin idanu. In babu mota a gabansa, yakan kunna babbar fitila. In dabba ɗaya ta ƙetare ba ya ƙara wuta, domin sau da yawa wata tana biye. In ta faɗo gabansa, sai ya taka birki sosai, ya riƙe sitiyari da kyau, kada ya fizge shi ya auka rami ko ya yi karo da motar da ke tahowa. In kuwa tsautsayi ya sa ya buge ta, sai ya tsaya a gefe, kada kowa ya matsa kusa da ita, gama dabba mai rauni tana iya harbi ko cizo.

Yaron da ke cikin mota shi ma yana da aikinsa. Ya ɗaura bel ɗinsa, ya taya direba duban hanya, kada kuma ya zama mai zuga shi da cewa ya ƙara gudu. Dabba ba ta iya karanta alamar hanya, ba ta san lissafin birki ba. Mutum shi ne ya sani, saboda haka nauyin kiyayewa yana wuyansa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa namun daji suke ƙetare titi?
2. Don me barewa takan tsaya cik in fitila ta haske ta?
3. Mita nawa mota mai gudun kilomita 100 take ci kafin ta tsaya? Mai gudun kilomita 50 fa?
4. Me ya sa karo da mus yake da haɗari ga na cikin mota?
5. Raƙuman dawa nawa suka rage a Nijar a shekarar 1996?
6. Faɗi abu huɗu da direban kirki yakan yi in ya shiga daji da dare.