Wa Za Ka Damƙa wa Motarka?

Ɗana, Allah ya sanya alheri a motar da ka saya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe. Ka tambaye ni inda ya fi dacewa ka riƙa kai ta: wurin dilan kamfani, ko garejin unguwa, ko kuwa ka kira makanike ya same ka a gida. Kowanne da ranarsa. Amma abin da zai sa motar ta daɗe a hannunka shi ne ka sami mutum ɗaya da ya san ta, kai ma ka san ta daidai gwargwado.

Maganar dila ba ta da tsawo. In sabuwa dal ka ciro daga kamfani, akwai garanti a kanta, yawanci na shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Sharaɗinsa shi ne a riƙa yi mata juye da sauran duba a wurinsu, a kan lokaci, ana rubutawa. A wannan tsakanin kada ka bari kowa ya kwance mata ko noti ɗaya a waje, komai tsadar wurin dila. Sai dai galibinmu motar da muke hawa ta riga ta yi shekaru a Amurka ko Turai kafin ta sauka a Kwatano ko Legas, garantinta ya daɗe da ƙarewa. Irin wannan ba sai ta je wurin dila don juyen mai ba. Ka ajiye dila, ko wani ƙwararre mai na'ura irin tasa, don abin da ya shafi kwamfutar mota, da saita sabon makulli, da jakar iska ta hatsari, da motoci masu haɗa fetur da batir, waɗanda wayoyinsu masu ruwan lemo ke ɗauke da wutar da za ta iya kashe mutum.

A gareji motarka za ta yi yawancin rayuwarta, don haka a nan nake so ka buɗe ido. Makanikanmu na da a kan Peugeot 504 suka ƙware, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Mota ce da ake gane ciwonta da kunne, a gyara ta da sifana da sukundireba a gefen titi. Ta yanzu kwamfuta ce ke auna mata mai da iska. Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da wani soket a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta faɗi inda matsalar take. In fitilar inji ta kama a gabanka, makanike bai jona komai ba ya ce maka "mu canza wannan mu gani", to da kuɗinka zai yi ta gwaji.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, kada ka yarda da ita. Da zarar mota ta fara zafi sai a ce a cire tamostat, wai don ƙasar sanyi aka yi shi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In babu shi, inji ya daɗe da sanyi, kwamfuta ta ci gaba da ƙara masa fetur, ƙarfe yana cin ƙarfe a hankali. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ka san abin da kowace lita take nufi a aljihu. Ainihin abin da ya kawo zafin kuwa, toshewar lagireto ne ko yoyo ko famfon ruwa, yana nan ba a taɓa shi ba. Haka kuma ka sa ido a kan abin nan na cikin salansa da masu gareji ke kira indomi. Yana tace hayaƙi, kuma akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, shi ya sa marasa tsoron Allah ke kwashe shi su mayar da kwanson wayam.

Yadda za ka gane makaniken kirki ba shi da wuya. Je ka zauna a garejin kafin ka kai taka motar. Dubi inda yake zuba notunan da ya kwance, a cikin tire ne ko a cikin yashi. Dubi ko ogan yana leƙa aikin da yaransa suka yi kafin mota ta fita. Wanda ya cire tsohon kaya ya miƙo maka ba ka tambaya ba, ya nuna maka inda ya cinye, riƙe shi. Wanda ya iya cewa "wannan ba aikina ba ne, kai wa rewaya" ko "kai wa mai giya", ya fi wanda ya ce komai ya iya. Kuma nemi wanda ya saba da irin motarka, domin mai Toyota daban, mai Honda daban, mai Marsandi daban.

Kayan gyara kuwa, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo ta Abuja, iri uku za a nuna maka: sabo na asali, da jabu mai kwali irin na asali, da tsohon da aka ciro daga wata mota, wanda ake kira Beljiyam. Ƙofa ko fitila ko ma inji, ba laifi ka sayi Beljiyam, muddin kun yi yarjejeniyar kwanakin gwaji da mai shago. Birki da bel da filta da taya, sabo kawai. Araha ba ta ado. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019, ko da zanenta yana nan kamar sabuwa. Baƙin mai kuma ka bi abin da aka rubuta a murfin inji ko littafin mota. In an ce 5W-30, kada a lallaɓe ka da 20W-50 don ya fi kauri.

Saura gida. Duba baƙin mai da ruwa da iskar taya aikinka ne, kowane mako, da safe kafin ka tayar da ita. Lokacin hunturu ka riƙa duba filtar iska akai-akai, saboda ƙura. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Makaniken da ake kira gida yana da amfani wajen batir da juye da fulogi, musamman ga iyali in maigida ya yi tafiya, amma ba shi da rami, ba shi da injin ɗaga mota. Kada ka bar shi, kai ma kada ka kuskura, a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

In Allah ya haɗa ka da na kirki, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. Mai motar da ke matse kuɗin aiki har ya fita hayyacinsa, shi ne ke tura makanike neman riba a cikin kaya. Ku yi ciniki kafin a kwance, ka riƙa gaishe shi ko ba ka da gyara, ka ɗan sallami yaransa.

Sannan ka sayi ɗan littafi ka ajiye a akwatin gaban mota. Duk abin da aka yi mata ka rubuta kwanan wata, da kilomita, da sunan kayan da aka sa, da wanda ya sa. Ka fara da juyen farko, kuma ka yi shi cikin makon nan, domin ba ka san yaushe mai ita na baya ya yi nasa ba.