Na'urorin CDJ: Bambancin da Ke Tsakaninsu da Abin da Sabon DJ Zai Duba Kafin Ya Saya

Duk wanda ke kallon bidiyon manyan DJ a YouTube ko TikTok ya saba ganin wasu na'urori biyu ko huɗu jere a kan tebur, kowace da faranti a tsakiyarta, ga miksa a tsakaninsu. Su ake kira CDJ. Matasa da yawa da suka fara haɗa waƙoƙi a waya suna da burin mallakarsu, amma da zarar mutum ya shiga neman ta hannu sai kansa ya ɗaure. A hoto duk kamanninsu ɗaya, farashi kuwa ya sha bamban.

A nan ake yin asara. Wani zai ga mai araha ya biya, sai ya kai ta gida ya tarar babu inda zai soka filash. Wani kuma zai ci bashi ya sayi mai tsada, alhali aikin da yake samu bai buƙaci rabin abin da ke cikinta ba. Wannan darasi zai bayyana yadda ake bambance su, kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: ta wace ƙofa waƙa ke shiga na'urar?

Daga ina CDJ ta samo asali?

Kafin zuwan CD, da faifan garmaho DJ ke aiki, galibi a kan Technics SL-1200. Yana iya dafa faifan da hannu ya tsayar da shi, ya ja shi baya, ya ƙara masa sauri ko ya rage. Da kamfanonin Sony da Philips suka fito da CD a 1982, na'urar kunna shi ta gida ba ta ba da wannan dama ba, ga shi kuma da an ɗan girgiza ta sai waƙa ta yi tsalle.

Kamfanin Pioneer na Japan ya fitar da CDJ-500 a 1994, amma wadda ta sauya sana'ar ita ce CDJ-1000 ta 2001. Farantinta na jin taɓin hannu, wato da an dafa shi sai waƙa ta tsaya kamar an dafa faifan garmaho. A 2007 CDJ-400 ta zo da ramin USB. A 2009 aka fitar da CDJ-2000 tare da manhajar rekordbox, daga nan filash ya fara ture faifai. Zuwa 2020, da CDJ-3000 ta fito, an cire ramin saka CD ɗin gaba ɗaya, sunan kawai ya rage. Kamfanin da ke ƙera su yanzu sunansa AlphaTheta.

Abu ɗaya da sabon shiga ya kamata ya sani tun farko: CDJ ɗaya ba ta haɗa waƙoƙi. Aikinta kunna waƙa da sarrafa ta. Kafin a yi aiki ana buƙatar guda biyu, da miksa, da hedifon, sannan amfilifaya da lasifika. Don haka duk farashin da aka gani a ninka shi biyu, a ɗora kuɗin miksa a kai.

Abubuwa biyar da ake auna su da su

1. Ƙofar shigar waƙa. Faifan CD na sauti yana ɗaukar minti 74 zuwa 80, wato waƙoƙi kamar 15 zuwa 20. Idan aka zuba MP3 a faifai mai 700MB zai ɗauki fiye da haka sosai, amma ba kowace na'ura ke karanta shi ba. Filash mai 32GB kuwa yana ɗaukar dubban waƙoƙi. A wajen biki, inda ƙawayen amarya za su nemi sabuwar waƙa nan take, DJ mai faifai kawai ya shiga uku, domin sai ya nemi kwamfuta ya buga sabon faifai.

2. Sauya saurin waƙa. Ana auna saurin kiɗa da BPM, wato yawan bugun da ake yi a minti ɗaya. Idan waƙar da ke tashi tana kan 104, wadda za a shigo da ita kuma tana kan 100, sai a ja sandar TEMPO ta biyun zuwa +4% su daidaita. Manyan CDJ suna ba da zaɓin ±6, ±10, ±16 da kuma WIDE mai kai wa ±100. Ƙaramin zango ya fi daidaito, shi ya sa ƙwararru suka fi zama a kan 6 ko 10. Sai dai ƙara sauri na sa murya ta sirance. Maɓallin MASTER TEMPO shi ke riƙe murya a yadda take ko da an sauya sauri. Yadda yake aiki a sababbin na'urori ya fi tsabta, a tsofaffi kuwa sauti kan ɗan yi rawa idan an ja da yawa.

3. Faranti. A na'urorin CDJ na Pioneer farantin ba ya juyawa da kansa, sai an juya shi. Idan an kunna yanayin VINYL, dafa samansa na tsayar da waƙa, tura gefensa kuma na ɗan gaggauta ta ko jinkirta ta. Manyan suna da wurin daidaita nauyin farantin. Wasu na'urorin Denon, kamar DN-S3700 da SC6000M, farantinsu na juyawa da mota kamar na garmaho, abin da masu ƙwarewa a goga faifai suka fi so.

4. CUE, HOT CUE da LOOP. CUE alama ce da ake sa wa inda ake so waƙa ta fara. HOT CUE alamomi ne da yawa a cikin waƙa ɗaya, da an danna sai ta tsallaka can nan take. LOOP kuma maimaita wani yanki ne, misali bugu 4 ko 8, ba tare da an ji gaɓa ba. Wanda ya taɓa ganin ana liƙi ya san amfaninsa: mai sanarwa na kiran sunaye, kiɗa na ta zagayawa a wuri ɗaya har a gama.

5. Haɗa na'urori. Tsarin PRO DJ LINK yana haɗa na'urori da wayar LAN, irin ta haɗa kwamfutoci. Da shi filash ɗaya ya ishi dukkansu, kuma suna sanin saurin junansu. Idan babu shi, kowace na'ura sai an ba ta nata filash.

Yadda suke idan aka jera su

CDJ-800 da CDJ-1000. Su ne suka fi araha a kasuwar kayan hannu, kuma su ne tarkon da sababbi suka fi faɗawa. Faifai kawai suke karɓa, ba su da ramin USB na waƙa. CDJ-1000MK3 ta 2006 tana karanta MP3, amma a kan faifai. Ramin katin da ke jikinta na adana alamomin CUE ne, ba na kunna waƙa ba. Farantin 1000 na da daɗin hannu kuma tana da HOT CUE uku, sai dai rayuwarta duka ta rataya ne a kan idon leza da ya haura shekara 15 yana aiki.

CDJ-350 da CDJ-850. Dukansu na 2010 ne. Suna karɓar CD da filash, suna kuma gane waƙoƙin da aka shirya da rekordbox. Ba su da LINK, kuma fuskarsu ƙarama ce. Ta 350 ƙaramin faranti gare ta, don koyo a ɗaki aka yi ta. Ta 850 ta fi kama da manyan a girma da tsarin maɓallai.

CDJ-900, CDJ-2000 da CDJ-2000NXS. Daga nan LINK ya fara. Ta 2000 tana da fuska mai kala inci 6.1, da HOT CUE uku, tana kuma karɓar CD, DVD na fayiloli, katin SD da filash. NXS ta 2012 ta ƙaro maɓallin SYNC mai daidaita saurin waƙoƙi biyu da kansa, da zanen sautin waƙa da ake iya faɗaɗawa a fuska.

CDJ-2000NXS2. Ta fito a 2016, kuma ita ce babba ta ƙarshe a jerin da ke da ramin CD. Fuskarta inci 7 ce mai aiki da taɓi, HOT CUE takwas, tana kuma kunna FLAC da ALAC, waɗanda na gabanta ba sa iyawa. Ga wanda dole sai ya haɗa faifai da filash, a nan aka tsaya.

CDJ-3000. Fuska inci 9, maɓallan HOT CUE takwas a jere, ga saurin buɗe waƙa. Babu CD. Lokacin da ta fito, guda ɗaya ta haura dala 2,000.

Denon da Numark. Denon SC6000 ta 2020 ita ma ba ta da CD. Fuskarta inci 10.1 ce, tana da Wi-Fi, tana tantance saurin waƙa da kanta ba sai an bi ta kwamfuta ba, kuma guda ɗaya na iya kunna waƙoƙi biyu lokaci guda ta mafita biyu. Manhajarta Engine DJ ce. Rauninta shi ne yawancin manyan wuraren rawa a duniya Pioneer suka girka, don haka hannun da ya saba da Denon sai ya sake sabo. Numark NDX500 kuwa tana da CD da USB a farashi mai sauƙi, ta dace da ƙananan taruka, amma ba ta kai waɗancan ƙarfin jiki ba.

Matsalar filash da ba a faɗa wa sababbi

Sau da yawa ana zargin na'ura da lalacewa alhali laifin filash ne. Na'urorin Pioneer har zuwa NXS2 suna karanta tsarin FAT32 da HFS+, ba sa gane exFAT ko NTFS. Filash mai girma fiye da 32GB kuma galibi da exFAT yake zuwa daga kanti. Maganin shi ne a kwashe abin da ke ciki, a yi masa fomat zuwa FAT32, sannan a mayar da waƙoƙin.

Na biyu, zuba waƙoƙi kai tsaye daga waya zuwa filash yana aiki, amma an bar rabin amfanin na'urar a baya. Idan aka fara bi da su ta rekordbox a kwamfuta, manhajar za ta auna BPM, ta zana sautin, ta adana alamomi da jerin waƙoƙi, sannan ta fitar da su zuwa filash. Wannan ɓangare na manhajar kyauta ne.

Na uku, ingancin fayil. Waƙar da aka ciro daga bidiyon da ya sha yawo a WhatsApp tana iya yin daɗi a iyafis, amma babbar lasifika za ta tona mata asiri. A nemi MP3 mai 320kbps ko WAV. Babu na'urar da za ta dawo da abin da matsewa ta riga ta zubar.

Abin da za a duba idan ta hannu ce

Kada a biya sai an kunna ta an gwada da ido.

- A karanta takardar da ke manne a bayanta ko ƙasanta. Wasu tsofaffin da aka yi wa kasuwar Amurka 120V ne, na Japan 100V, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230V ce. Soka irin wannan kai tsaye a soket ƙonewa ne. Wadda aka rubuta 100–240V ba ta da wannan matsala.
- A danna PLAY da CUE sau da yawa. Su suka fi shan wahala, su ne kuma ke fara mutuwa.
- A ja sandar TEMPO a hankali daga sama har ƙasa, ana kallon lambar a fuska. Idan tana tsalle, sandar ta gaji.
- A dafa faranti ta kowane gefe, a tabbatar waƙa na tsayawa nan take.
- A gwada faifan kanti da wanda aka buga a kwamfuta. Lezar da ta raunana takan fara kasa karanta na biyun.
- A soka filash a ɗan motsa shi. Idan ya yanke, ramin ya saki.
- A bar ta tana aiki na tsawon lokaci, domin wata matsalar sai na'ura ta ɗauki zafi take bayyana.

Bayan an saya, ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar leza da sandar TEMPO, don haka a riƙa rufe na'urar idan ba a aiki. Kuma kada a haɗa ta da janareto ba tare da sitabilaiza ba.

To wacce za a saya?

Wanda ke da tarin faifai kuma yake son ci gaba da amfani da su, ya nemi mai ƙofa biyu, daga CDJ-850 zuwa NXS2, gwargwadon aljihunsa. Ko lezar ta mutu, filash zai ci gaba da aiki. Wanda duk waƙoƙinsa a waya suke ba ya buƙatar ramin CD ko kaɗan. XDJ-700 da XDJ-1000 an yi su ne da tsarin CDJ amma ba faifai, kuma sun fi araha.

Wanda bai fara samun aiki ba kuwa, babu dalilin da zai sa ya yi gaggawa. Ƙaramar na'urar sarrafawa irin DDJ-FLX4, wadda ta fito a 2022 a kan kusan dala 300, tana haɗuwa da waya ko kwamfuta, kuma an jera maɓallanta bisa tsarin manyan. Da ita za a koyi ƙirga bugu, daidaita sauri da kunne, da sa alamomi. Waƙoƙin da aka shirya a rekordbox a lokacin koyo su ne dai za a zuba a filash ranar da aka samu damar tsayawa a gaban CDJ-3000, kuma alamomin da aka sa tun a ɗaki za su fito a fuskarta yadda aka bar su.