Daga Issawane zuwa filin jarrabawa: yadda ake neman permi, wato lasisin tuƙi

Da an gama ɗaurin gero da roron wake, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai tambayar ta taso a majalisun samarin Issawane da ƙauyukan da ke kewaye: "Ni fa bana permi nake so in yi, ta ina zan fara?" Mai tambayar sau da yawa ba baƙon mota ba ne. Wani ya daɗe yana karen mota a hanyar Mayahi, wani yana kabu-kabu a Tasawa, wani kuma maigidansa kan sakar masa sitiyari idan an bar idon jandarma. Shawarata ta farko gare shi ba ta da daɗin ji. Iya tuƙin da kake taƙama da shi ba shi kaɗai za a gwada ba. Fitar da mota mai lodi daga rairayin Gulbin Kaba gwaninta ce, babu mai musu, amma mai jarrabawa yana son ya ga ko ka san doka, ko kuma jikinka ya saba da binta. A nan ne tsofaffin hannu suka fi sabbi shan wuya.

Kafin maganar mota, akwai maganar takardu, kuma a gida ake gama ta. Ba don tuƙi wasu suke dawowa daga Maraɗi hannu rabbana ba, don takarda ɗaya ce da ba su riƙo ba. Abin da ake haɗa dosiye, wato tarin takardun neman permi, da shi sananne ne: takardar haihuwa, katin shaidar ɗan ƙasa da kwafinsa da hukuma ta buga wa hatimi, ƙananan hotuna sababbi, takardar likita mai nuna lafiyarka ta isa tuƙi, da tambarin kuɗin gwamnati da ake mannawa. Makarantar da za ka shiga za ta ba ka cikakken jeri, ka roƙi a rubuta maka shi a takarda tun ranar farko.

Takardar haihuwa ita ce ta fi kayar da mutanen karkara. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa. Wanda aka haifa a gida ba a rubuta shi ba, sai ya bi ta kotu da shaidu a yi masa hukuncin da ke tsayawa a madadinta, sannan ma'aikatar magajin gari ta fitar masa da takardar. Akwai kotu a Mayahi, akwai a Tasawa, amma aikin ba na yini ɗaya ba ne, saboda haka ka fara shi tun damina, kada ka bari sai kuɗin kaka sun shigo. Idan takardun sun zo hannunka, ka sa wanda ya iya karatu ya jera su ya duba harafi bayan harafi. Sunan da aka rubuta Mahamadou a wannan, Mamane a waccan, ko shekarar haihuwa da ta bambanta tsakanin kati da takardar haihuwa, a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin ma'aikacin ofis kuwa mutum biyu ne. Gyaran suna bayan an buga permi ya fi gyaransa tun farko wahala nesa ba kusa ba.

Takardar likita kuma kada ka ɗauke ta abin cika sharaɗi. Ka je asibitin gunduma a duba ka da gaske, musamman ido. Akwai mutanen da ba su san ganinsu ya ragu ba sai ranar da aka ce su karanta allo daga nesa. Tabarau ba ya hana permi. Wanda yake buƙatarsa ya ƙi sawa, shi ne ke taka jaki da magariba.

Sai zaɓen aji. Ajin A na babur ne, kuma dokar hanya ba ta cire ɗan kabu-kabu ba, ko da kuwa rabin garin na hawa ba tare da shi ba. Ajin B na ƙananan motoci ne, waɗanda nauyinsu da kaya bai wuce tan uku da rabi ba, kujerunsu kuma ba su wuce tara ba har da ta direba. Shekara 18 ake nema. C na manyan motocin kaya, D na motocin fasinja masu yawan kujeru, E kuma na jan tirela. Waɗannan manyan ana ƙara musu sharuɗɗa na shekaru da na lafiya. Abin lura a nan shi ne motar haya mai kujera fiye da goma da ke jigilar mutane ranar kasuwa ta fi ƙarfin B. Idan burinka tankar mai daga matatar SORAZ ta Damagaram, ko bas ɗin kamfani irin su Rimbo da STM, to ka san B matakin farko ne kawai, ka tambayi makaranta yadda ake hawa na gaba tun yanzu, ka tsara kuɗinka a kai.

Makarantar koyon tuƙi ba ita ke ba da permi ba. Wannan magana ina so ta zauna. Makaranta tana koyar da kai, ta haɗa dosiyenka, ta gabatar da kai. Masu yin jarrabawa jami'an gwamnati ne na ma'aikatar sufuri, kuma reshenta na jiharmu a Maraɗi yake. Saboda haka duk wanda ya ce maka "biya kawai, permi a hannuna yake", ko ƙarya yake yi, ko hanyar da zai bi ba ta Allah da Annabi ba ce. Kafin ka ba da ko dala, ka tabbata makarantar tana da izinin hukuma, ka ga motar koyon da idonka, ka leƙa ko akwai birki a gefen malami. Ka tambaya dalla-dalla: kuɗin da aka faɗa ya haɗa da na dosiye da na jarrabawa? Sau nawa zan hau mota a mako, kuma minti nawa? Idan na faɗi, me zan ƙara biya? A ina za a zauna jarrabawar, kuma yaushe? Kowane kuɗi ka bayar, ka karɓi rasit. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa.

Ka kuma lissafa zama. Daga Tasawa zuwa Maraɗi a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, ta Gazawa da Agye, ya fi kilomita 100, ga kuma tafiyar da ke tsakanin Issawane da kwalta. Ba wurin da za a riƙa zuwa ana dawowa kullum ba ne. Ka nemi masauki wurin dangi ko mutanen garinku, ka ware makonni a jere, domin koyon da ake yi yau a bari sai bayan kasuwa uku ba ya kama jiki. Rani ne lokacinsa. Wanda ya fara dab da shuka, da hadari ya haɗo zuciyarsa ta koma gona.

Jarrabawar kashi uku ce: kod, kireno, da tuƙi a kan hanya. Kod shi ne sanin doka da alamu, kuma shi ne abin da ya fi tsorata wanda bai yi boko ba. Tsoron ya fi abin girma. Gaskiya ne Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, amma littattafan kod da muke gani a hannun malamai da Faransanci suke, saboda haka ka zaɓi malamin da zai warware maka su da Hausa, ka kuma tambayi yadda ake yi wa wanda ba ya karatu tambayoyin. Sauƙin da ke ciki shi ne yawancin alamun hanya zane ne, siffarsu da launinsu su ne maganarsu. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce, akwai haɗari a gaba. Mai zagaye da jan baki hani ce. Mai zagaye shuɗiya umarni ce, dole ka bi. Mai kusurwa huɗu shuɗiya labari take ba ka. Mai kusurwa uku da aka kifa, kai a ƙasa, tana cewa ka ba wasu hanya. Ja mai kusurwa takwas kuwa tsayawa ce cak, ƙafafun mota su daina juyawa, ko da babu ko kaza a kan titin. Wanda ya riƙe waɗannan dangogi ya ci rabin alamun kafin ya haddace ko ɗaya.

Inda ake faɗuwa sosai shi ne wa ke da hanya a mahaɗa. A tasha an saba babbar mota ce ke da gaskiya, ko wanda ya riga sa kai. A doka, idan babu alama, babu fitila, babu ɗan sanda, wanda ya fito ta damanka shi ke wucewa, ko amalanke ce. A shataletalen da aka kafa wa alamar ba da hanya, wanda ke ciki shi ke da fifiko. Idan ɗan sanda na ba da hannu, hannunsa ya fi fitila, fitila kuma ta fi allo. Layin da bai yanke ba a tsakiyar titi ba a tsallake shi don wuce wani. A cikin gari gudu ba ya wuce 50. Ka kuma san dalilin, don mai tambaya yakan juya tambaya ya ga ko hadda ka yi ko ganewa: mota mai gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 90 tana cin mita 25, kuma kusan daƙiƙa guda ke wucewa tsakanin ganin yaro a kan titi da taka birki. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi. Duk wanda ya taɓa ratsa Gazawa ranar kasuwa ya san abin da mita 25 ke nufi.

Kireno shi ne shigar da mota da baya cikin gurbi tsakanin sanduna ba tare da ka taɓa su ba. Aikin haƙuri ne da ƙafar hagu. Ka koya a motar da za a yi jarrabawa da ita, ka riƙe alamomin da malami ya nuna maka a jikin gilashi da madubi, ka tafi a hankali kamar mai zare ƙaya daga ƙafa. Gaggawa ce ke sa injin ya mutu ko a bugi sanda, ba rashin iyawa ba.

A tuƙin kan hanya ne tsohon karen mota zai yi yaƙi da jikinsa. Ya saba da hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waje, ya saba oda ta maye masa gurbin madubi, ya saba sakin giya a gangare don tsimin mai. Duk waɗannan laifi ne a idon mai jarrabawa. Da ka shiga, ka gyara kujera, ka daidaita madubai, ka ɗaura bel, ka tabbata giya a sake take kafin ka tayar. Ka sa sigina kafin ka motsa, ka waiga da kanka yadda za a ga ka waiga. Wani lokaci za a ce ka tsaya a wurin da doka ta hana tsayawa, ko ka juya inda alama ta hana. Ba a so ka yi biyayya ido rufe, ka wuce zuwa inda ya halatta ka tsaya. Idan mota ta mutu, ka ja birkin hannu, ka tayar cikin natsuwa. Ranar kuma ka yi sammako da katinka a aljihu, ka sa takalmi mai kama ƙafa, ban da silifa, ka naɗe babbar riga kada ta sarƙe giya. Ƴan'uwa mata ma haka, a gyara hijabi yadda ba zai tare gefen ido ba. Hanya ba ta maza ce kaɗai ba, ga malaman makaranta da ma'aikatan lafiya mata nan da ke zagaya ƙauyukanmu a kan babur. Abin da ya fi kowanne muhimmanci: kada ka sha komai don "cire tsoro". Ƙwayar da samari ke haɗiya da shayi ba ta ƙara natsuwa, rage lura take yi.

Idan an faɗi, ba a rufe ƙofa ba, ana sake zama. Ka tambayi abin da ya kayar da kai, ka koma kansa shi kaɗai.

Saura maganar da kowa ya sani ba a faɗi a fili, wato sayen permi. Za ka samu mai raɗa maka cewa da ƴan jikuna a kan kuɗin za a kawo maka shi har Issawane ba ka taka filin jarrabawa ba. Hujjarsa ita ce ai ka iya mota. Ni ban ga ribar ba, ko ta fuskar lissafi. Permin da aka buga a ɗakin wani ba ya cikin rajistar hukuma, ranar da kamfani ko jandarma suka bincika, ba tara kaɗai ke jiranka ba, laifin amfani da takardar jabu ne, kuma kotu ke jin sa. Ga kuma inshora. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, kuma a ƙarƙashinta idan direba marar permi mai inganci ya yi haɗari, kamfani na iya biyan wanda aka ji wa rauni sannan ya juyo ya nemi kuɗinsa a wurin mai laifi. Kuɗin jinyar mutum ɗaya ko diyyar rai ya isa ya cinye gona da garke. Wannan duk ban da nauyin mutanen da za ka ɗauka a bayanka alhali ba ka san wa ke da hanya a mahaɗa ba.

Idan Allah ya sa an ci, ka duba suna da shekara da aji a jikin permin kafin ka bar ofis, ka yi kwafi ka ajiye a gida. Ka tuna kuma shi kaɗai ba ya wuce da kai shinge: sai da takardar mallakar mota, da inshora mai rai, da shaidar duba lafiyar mota, ɗan babur kuma da hular kwano. Iyaye da masu motocin da ke riƙe da yara a tasha, ku ma da naku: yaron da ya yi muku shekaru yana ɗaurin kaya, ku taimaka masa da kuɗin makaranta da hutun makonnin da zai yi koyo, kada ku miƙa masa makulli kafin ya riƙe takarda.